Mufeeda da Surukar Talabijin

"Kai Mufeeda! Shinkafa ya ƙone, kai kana nan kana kuka ma mutanen Japan!"

Mahaifiyarta Mma Sadiatu ce ke faɗa daga kicin, da Hausarta ta zangon Kumasi wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Mufeeda ko gezau. Tana falon ƙaramin flat ɗinsu na Plumstead a London, ta ƙanƙame filo, idanu sun yi jawur.

"Mma, zo ki gani! Ta durƙusa ta miƙa wa uwar mijin shayi, matar ko kallonta ba ta yi ba! Don kawai 'yar talakawa ce!"

Haka rayuwar Mufeeda take. Da ta dawo daga jami'a a Aldwych sai wasannin kwaikwayon Japan, kuma duk iri ɗaya take so: yarinya ta auri ɗan masu kuɗi, uwar miji ta ɗaure fuska, a sa ta ajiye aikinta, ta yi ta haɗiye hawaye. Ta kalli irinsu har ta ɗauka ta gama karantar surukan duniya. Ga shi kuwa gobe Fa'iz, saurayinta ɗan Kano, zai kai ta gaida mahaifiyarsa, Hajiya Zubaida, matar babban likita.

Washegari ta sha ado. Gidan ya fi yadda ta zata, falon kaɗai ya haɗiye flat ɗinsu. Ta cire takalmi, ta zube ƙasa ta kwashi gaisuwa. Hajiya ta amsa ciki-ciki, idonta a kan kafet.

"Hajiya, ga Mufeedar," in ji Fa'iz, baki har kunne.

"To ni mene ne nawa a ciki?" Hajiya ta faɗa ba tare da ta ɗaga kai ba. "Wancan ya je ya sami gwaggonsa da baffanninsa."

Ta miƙe ta haye sama abinta.

Wancan! Ko sunan ɗanta ta ƙi kama saboda takaicin abin da ya kwaso! Mufeeda ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. A mota kuwa gogan naka sai fito yake yi.

"Wallahi kin shiga ranta, Mufee! Haka take yi."

"Seriously, Fa'iz? Haka duk suke cewa! Ɗan gata ba ya taɓa ganin laifin uwarsa. Drop me, zan hau bas!"

"Haba, tsaya in yi miki bayani..."

Ina! Ta riga ta fice.

Ta isa gida tana kuka wiwi, ta zaro waya za ta rubuta wa Fa'iz cewa an yi cancel ɗin komai. Mma Sadiatu ta fizge wayar ta soke a lalitarta.

"Hajiyan ya zage ka?"

"A'a."

"Ya kore ka?"

"A'a, amma Mma, na san irin wannan kallon..."

"Wane kallo, mutum da ka ce bai kalle ka ba? Ka zauna ka yi haƙuri. Aure ba film ba ne."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Mufeeda tsawo. Tana son Fa'iz, so na gaske, kuma tunanin rabuwa da shi ya hana ta cin abinci. Ta daure dai ta bi maganar uwarta, ba ta aika saƙon ba ko da aka mayar mata da wayar.

Ranar Asabar da hantsi aka danna ƙararrawa. Wata mata ce gajera mai fara'a, niƙi-niƙi da goro da alawa, tun daga ƙofa take rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Ina amaryar tamu? Ni ce Luba, gwaggon Fa'iz, daga Dagenham. Baffanninsa na nan tafe neman aure, ni na yi gaba!"

Mufeeda ta yi sororo. "Gwaggo... ai Hajiya ba ta so na."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta kwashe labarin kaf ta faɗa. Gwaggo Luba ta yi dariya har da riƙe ciki, ɗankwalinta ya zame.

"Wayyo 'yan London! Yarinya, Fa'iz ɗan fari ne! A wurinmu uwa kunyar ɗan farinta take ji. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zauna a gabansa ana zancen aurensa. Tsaya ki ji da kunnenki. Kowa ya yi shiru!"

Ta kira Hajiya a waya, ta sa a sifika. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Luba! Kin isa? Sun karɓe ki? Kin ga yarinyar? Kin ga natsuwa? Don Allah ki lallaɓa iyayenta, kada ta kuɓuce mana! Ki ce musu karatunta ba mai taɓa shi, ni zan tsaya mata. Wancan ya ce fushi take yi, ni na rasa me aka yi mata, ko abinci na kasa ci!"

"To ga ta nan tana jin ki, Yaya."



"Luba, Allah ya shirye ki!" Ƙit, aka kashe.

Falon ya kaure da shewa. Mufeeda ta faɗa jikin uwarta tana kuka tana dariya, kunya kamar ta nutse. Matar da ta kwana biyu tana yi wa kallon muguwa, ashe ita ma a can ta kasa cin abinci saboda ita!

Da bazara aka sha biki, 'yan Kano da 'yan zango suka cika zauren taro a Dagenham. Hajiya Zubaida ta maƙale can kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kada a ga murnarta.

'Yan mata, ku ji da kyau: kowane gida da yadda yake nuna ƙaunarsa, kuma ba a talabijin ake koyonsa ba. Da Mufeeda ta danna saƙon nan cikin fushi, da ta yar da miji na gari da surukar da ke son ta tun ganin farko. Haƙurin 'yan kwanaki ne ya tsare mata su.