Dutsen da Redi ya binne

Rana ta faɗi a gefen garin Butajira, hayaƙin murhu ya kwanta a kan ganyen koco, shukar nan mai kama da ayaba da ake yin gurasa da ita, bai tashi ba. Zulfa tana gasa gurasar da za ta kai kasuwa, 'yarta Lubaba tana soya gahawa, maigidan kuma, Redi, yana alwala a bakin ƙofa. Sai suka ji ƙara daga bayan ɗaki. Ƙwas. Aka yi shiru. Ƙwas.

Lubaba ta ce ko akuyar maƙwabta ce. Butar ta karkace a hannun Redi, ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba, domin ya san wannan ƙarar tun yana goye. Ƙarar guntun ƙarfe ce a kan baƙin dutse.

Redi ɗan majema ne. Kakanninsa su ne masu fasa dutsen nan baƙi mai ƙyalli kamar kwalba, su fitar masa da kaifin da ya fi aska, su dasa shi a ƙota da danƙo, su kankare ƙirgi da shi har ya yi laushin shimfiɗa. A wannan ƙasar kowa yana kwana a kan fatar da suka jeme, amma ba wanda zai haɗa akushi da su. Saboda haka Lubaba tana jaririya Redi ya kwashe iyalinsa ya zo inda ba a san shi ba, ya ce shi manomi ne. Curin dutsen da ya gada daga ubansa, da ƙarfen fasa shi, ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne. Yarinyar ta girma ba ta san komai ba.

Daga wannan yammacin gidan bai ƙara samun magariba mai daɗi ba. Da duhu ya fara sauka sai tsakuwa ta riƙa zubowa a kan kwanon rufi, da safe a tarar ba tsakuwa ba ce, ɓarɓashin baƙin dutse ne, siriri, mai yanka. Zulfa ta share ta zuba a masai, washegari ta same shi a cikin kullun koco. Wani lokaci sukan ji tsoho yana tari a gindin bango, yana gunaguni da harshen ƙauyen da suka baro.

“Ka tone dutsen nan ka jefar,” in ji Zulfa a hankali.

“In tone shi da rana tsaka, unguwa tana kallo?”

Ran wata Alhamis aka nemi Lubaba da magariba ba a gan ta ba. A bayan ɗaki suka same ta. Ta tone ramin da farcenta. Tana zaune a kan dugaduganta irin zaman tsofaffin maza, curin dutsen a tafin hagunta, ƙarfen a dama. Ta juya dutsen, ta auna gefensa da babban yatsa, ta buga sau ɗaya, falle ya ɓalle sumul. Ta ɗauke shi ta bi bakinsa da ƙananan bugu har ya yi kaifi. Ba ta sa tsumma a tafinta ba, jini yana bin gwiwar hannunta, fuskarta kuwa ko gezau. Zulfa ta ƙwalla ihu, kuma ihun ne ya tara maƙwabta. Suka tsaya a bakin danga, suka ga abin da yarinyar ke yi, suka kalli Redi. Ba wanda ya shigo.

Da ƙyar Shehu Mudesir ya yarda ya zo, wani tsohon malami mai ruƙiyya daga ƙetaren kogi. Ya sa aka kunna turare, ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu har fitilar ta fara lumshewa. Can ƙarfen ya tsaya. Lubaba ta ɗago kai, muryar da ta fito ta dattijo ce, busasshiya.

“Malam, rage murya. Ba kurma ba ne ni.”

“Wane ne kai? Me ka zo nema wurin baiwar Allah?”

“Tambayi wancan da yake ɓuya a bayan matarsa. A cikin dutsen nan nake tun kakan kakansa ya ɓantaro shi daga tsauni. Na ciyar da zuriyarsa, na tsare musu ido daga ɓarɓashi. Shi kuma ya tura ni ƙasa kamar mushen kare.”

“Ita ba ta yi maka komai ba. Fita.”

“Hannunta ya fi na ubanta. Ku bar mini ita.”

Shehu ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta yi ta birgima, ƙashinta yana ƙara, har muryar ta ce, “Ya isa, ka ƙona ni. To a ba ni hannu a madadin hannu. Wannan dutsen sai an fasa shi har ya ƙare, a gidan nan, da rana, ƙofa a buɗe. Ranar da ya ƙare zan koma tsaunina.”

“Ba a ciniki da irinku,” in ji Shehu.

Amma Redi ya riga ya durƙusa. Ya zare ƙarfen daga yatsun 'yarsa ɗaya bayan ɗaya. “Na ɗauka,” ya ce. “Sake ta.”

Lubaba ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Wata iska mai ɗumi ta bi ta cikin ganyen koco ta wuce, gidan ya yi tsit. Zulfa tana kuka ta kawo wa Shehu gahawa da man shanu a finjalinta mafi kyau. Ya dubi finjalin, ya ce shi ba ya shan gahawa bayan isha, ya ɗauki sandarsa.

Lubaba ta warke, sai dai yatsu biyu da ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ranar kasuwa ita da uwarta suka zauna da gurasa tun hantsi har rana ta karkata, matan da suka shekara suna saye a wurinsu suna ratsewa ta bayan rumfa. Maƙwabciyarsu ta aiko da tukunyar da ta ara, a fashe. Ba a jima ba mutanen nan dai suka fara jefo ƙiraga ta kan danga, suna faɗin ranar da suke so a gama jeme su.

Redi yana zaune a tsakar gida da rana, ƙofa a buɗe, yana fasa dutse. Lubaba ta tsaya a kansa ta daɗe, hannunta a naɗe da tsumma.

“Baba, da ka gaya mini ko mu su wane ne.”

“Na so ki ci abinci da mutane,” ya ce, bai ɗago ba.

“Na ci. Yanzu suna wanke bakinsu.”

Ta shige ɗaki ta saki labule.