Zumar Gabi

"Shanye mana, Faridata... ko kuwa abin hannuna ne ba kya so?"

Farida ta dubi ƙwaryar furar da ke cinyarta, ta ɗago ta dubi Mansur. Ya kwarara zuma a ciki har fura ta canza kala. Zumar garin Gabi ce, wadda yake ɗauro mata a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet duk Alhamis, ranar da babu lakwal, wato makaranta, a garin Safo inda yake koyarwa.

"Ina so mana, Mushe..." Haka ake kiran malamin lakwal, haka ita ma take kiransa.

"To ki sha in gani. Hajiyata ta ce kin cika rama, ni kuwa na yi mata alkawari kafin biki sai wuyanki ya yi layi-layi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma bakinta a bushe yake ƙamas, zauren na juya mata. Shekararta goma sha tara, kuma tun tana sha huɗu take da ciwon sukari, irin wanda ba ya barin mutum sai da allura safe da yamma. Duk Madarunfa babu wanda ya sani sai 'yan gidansu da ma'aikaciyar da ke duba ta. Inna Tani, mahaifiyarta, ta sha ja mata kunne cewa ranar da Mansur ya ji, ranar zai tada mobilet ɗinsa ya tafi ba waiwaye.

Kuma yarinya ta ture abin da saurayi ya kawo da hannunsa? Ai shi ta ture ke nan, kowa ya san haka.

Ta rufe ido ta kafa kai ta shanye.

"Yauwa, hasken raina!"

Ta miƙe za ta kai ƙwarya cikin gida, amai ya ƙwace mata, ta yanke jiki ta faɗi. Abin da ta ji na ƙarshe shi ne muryarsa yana salati yana kiran Inna.

A likitar Madarunfa, wato asibitin garin, ta farka, ana yi mata ƙarin ruwan sarum a hannu. Madam Larai ce tsaye a kanta, wata doguwar ma'aikaciyar likita mai faɗa kamar me, wadda ta san ciwon Farida tun farkonsa.

"Ina Mansur?" shi ne abin da ta fara tambaya.

"Innarki ta ce masa zazzaɓi ne, ta kore shi gida. Ke dai kin kusa tafiya, yarinya! Karo na uku ke nan bana ana kawo min ke kamar gawa. Yaushe rabonki da allura?"

Farida ta kau da kai, hawaye na bin kunnenta.

"To shi ke nan. Na gaji da yi miki faɗa ke kaɗai, alhali ba ke kaɗai ke dafa abincin gidan ba. Ba inda za ki sai kowa naku ya zo mun zauna."

Haka kuwa aka yi. Da ta ɗan samu ƙarfi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itacen bedin da ke bayan likita. Ga Malam Kanta mahaifinta, ga Inna Tani, ga kakarta Inde tana ta gunaguni wai an taso ta daga sussuka don zancen banza.

Madam Larai ta ce, "Doka ɗaya ce. Kowa zai faɗi abin da yake yi wa yarinyar nan don ta samu lafiya. Ba mai katse wani, ba mai zagin wani. Malam, bisimilla."

Malam Kanta ya gyara murya.

"Ni dai ba na shiga sha'anin mata. Illa in na ga ta yi laushi, nakan ba ta dabino daga aljihuna, don ta ɗan ji ƙarfi. Ba wanda ya sani."

Inna Tani ta zaro ido.

"Dabino, Malam?"

"An ce ba mai katse wani," in ji Madam.

Kaka Inde ta taɓe baki.

"Ni ban yarda da ciwon ga naku ba. Iska ce ta bakin tabki ta shafe ta. Jiƙo nake ba ta, kuma da yake yana da ɗaci ina jefa mata sukari ƙwaya biyu uku. Laifi ne?"

"Innalillahi!" Malam ya dafe kai.

Sai aka zo kan Inna Tani. Kai, baiwar Allah nan ta yi ta murza bakin zane kamar za ta yage shi, kafin magana ta fito.

"Ni... ni na kulle allurar a akwati. Safiya ce, ɗiyar ƙanwata, ta zo daga garin Sarkin Yamma tana kwana ɗakin Farida. Yarinyar nan idonta na kan Mansur, na sani. Na ce a bari ta tafi tukuna, kada ta gani ta kai gaba..."

Ba ta rufe baki ba aka ji sallama mai kaifi. Hajiya ce, mahaifiyar Mansur, mayafi a kafaɗa, shi kuma yana biye da ita yana ba ta haƙuri.

"Ai ta riga ta kai!" in ji Hajiya. "Safiya ta zo har ɗakina ta ce ta ga tsofaffin kwalaben allura a ƙarƙashin gadon ɗiyarku. Ga rama, ga faɗuwa. Ku gaya min gaskiya tsakaninku da Allah, sida ce, ƙanjamau, za ku liƙa wa ɗana?"

Wuri ya ɗauki salati. Inna Tani ta ɗora hannu a ka. Farida kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Madam Larai ba ta ko girgiza ba.

"Hajiya, ga tabarma. Kin zo daidai, yanzu layin Farida ne, kuma ba mai katse ta."

Farida ta ɗago. Mansur take kallo, shi kaɗai.

"Ba sida ba ce, Mushe. Ciwon sukari gare ni, tun kafin ka san ni. In ban yi allura ba mutuwa zan yi. In na sha zaƙi... kashe ni yake a hankali."

Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Zaƙi?"

"Eh."

"Zumar... Farida, zumar da nake kawo miki?"

Ta gyaɗa kai.

"Duk Alhamis? Ina zaune ina kallonki, ina cewa ki shanye?"

"Na ji tsoro ne... Baba ya ba ni, na karɓa don kada ransa ya ɓaci. Kaka ta ba ni, na sha. Kai kuma... kai in na ce a'a, sai ka tambaye ni dalili. Na ga gara in sha in kwanta ciwo da in rasa ka."

Mansur ya zube a kan gwiwoyinsa. Namiji guda, malamin lakwal da yara ke tsoro, ya rufe fuska da hannu yana kuka kamar yaro.

"Da hannuna! Ya Allah, da hannuna na kusa kashe ki!"

Babu wanda idonsa ya bushe a wurin sai Hajiya. Ta miƙe ta karkaɗe mayafi.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ni ban haifi ɗa don ya ƙare rayuwarsa a jinya ba. Tashi mu tafi."

"Hajiya, ki gafarce ni," ya ce. "Zan raka ki gida, amma zan dawo. Madam, abin nan da ake yi mata, namiji na iya koyo?"

"Jaki ma na iya koyo in yana so," in ji Madam Larai. "Ka zo da lemo gobe, a jikinsa za ka fara."

Daga ranar zaman ya zama na wata-wata. Ba a gyaru dare ɗaya ba, kada ma ku zata. Kaka Inde ta yi fushi ta daina zuwa, sai da Malam ya ɗauko ta a amalanke. Malam ɗin kansa an kama shi da dabino sau ɗaya, ya rantse wai na jikoki ne. Amma allura ta fito daga akwati, Inna ta koyi dama fura ba sukari, gidan duka suka koma cin tuwon dawa da miyar ganye tare da ita. Safiya kuwa ta tattara ta koma Sarkin Yamma ba ko sallama. Farida ta fara cikowa, kumatu suka dawo.

Hajiya ce dai ta ƙi. Kawun Mansur ya shige gaba aka sa rana bayan girbi, ita ko ƙofar gidan ba ta taka ba. Wannan shi ne abin da ke ci wa Farida rai, don ta san Mansur ba zai taɓa jin daɗin auren da uwarsa ba ta sa wa albarka ba.

Ranar ɗaurin aure da safe, gida ya cika da mata, Farida ta shige ɗaki ta tafasa allurarta. Ta ɗage zane ke nan za ta yi, aka yaye labule.

Hajiya!

Hannunta ya kai zai ja zane ya rufe, yadda ya saba, sai ta tsayar da shi. Ta gaji da ɓoyo. Ta bar cinyar a buɗe, duk tabon allura baƙi-baƙi, wani kan wani, ba masaka tsinke.

Hajiya ta zo ne da maganarta a baki, sai idonta ya sauka a kan cinyar. Ta matso a hankali ta durƙusa, tana kallo.

"Duk wannan... ke kika yi wa kanki?"

"Ni ce, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sha huɗu."

"Wa ke riƙe ki in za ki yi?"

"Ba kowa. Rufe ƙofa nake."

Hajiya ta tashi daga durƙuson. Ta ajiye mayafinta a ƙasa, ta zauna a bakin gado, ta jawo kan Farida ta ɗora a ƙirjinta, hawayenta na ɗiga a kan lallen amarya.

"Yi, ɗiyata," ta ce. "Yi abinki, na riƙe ki."