Matar da Ta Hana Mijinta Ruwa

"Ke Saloma! Mi za ki yi da tulun nan?"

Saloma ta tsaya cak a ƙofar ɗaki, rungume da tulun da take fitarwa. Surukarta Susana ce, hannu a ƙugu.

"Inna, kada shi gani shi yi kwaɗai. Dokotoro ya ce ban da ruwa, sai kunu mai kauri, cokali-cokali, shina zaune."

"Dokotoro ya haihe shi? Ina anka taɓa hana majinyaci ruwa? Ko maƙiyi an ba shi, balle miji!"

Mijin dai Kalebu ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya. Shekararsu ɗaya da aure motarsa ta kife da lodin gujiya a hanyar Jibiya, a 1974. Aka kai shi har Yamai, ya kwana tara da tiyo a maƙogwaro yana numfashi ta ciki. Da aka zare tiyon sai murya ta tafi, haɗiya ta gagara. Ruwa kuwa shi ne mafi haɗari, don da ya kurɓa sai ya bi hanyar numfashi. A haka suka dawo Madarunfa.

Abin tausayi, Saloma ba ta da mai shaida. Ita kaɗai ta ji bayanin likita, Kalebu kuma mai iya kare ta ba murya, sai ido. Kullum ta dama kunu, ta jingina shi da bango, ta sunkuyar masa da kai, cokali ɗaya sai ta jira ta ga maƙogwaro ya motsa. Ƙaramar ƙwarya kan cinye musu hantsi guda. In leɓensa ya bushe ta goga masa jiƙaƙƙen tsumma, ta juya baya ta share hawaye.

Kafin mako, zance ya kai majami'a, ya kai bakin tafki: wai Saloma, ɗiyar mutanen garin Gabi, tana kashe mijinta da ƙishirwa. Markus, baffan Kalebu, ya yanke magana, ran Lahadi za a mai da ita gidansu.

Ran Asabar da safe Saloma ta tafi niƙa. Susana ta cika moɗa, ta shiga ɗaki.

"Sha, ɗana. Uwarka ce."

Kalebu ya san dokar sarai. Amma yaya ɗa zai ture hannun uwarsa? Ya rufe ido ya kurɓa.

Tun daga zaure Saloma ta jiyo tarin. Ta yar da ƙwaryar gari ta ruga. Ya ƙware, idanu sun firfito, ruwa na fita ta hanci, Susana na ihu: "Wayyo! Na kashe shi!" Saloma ta tallabe shi, ta sunkuyar da shi gaba, tana bubbuga bayansa har numfashi ya dawo. Kwana biyar ya yi cikin zazzaɓi, ana yi masa allura a dispansar, ƙaramin asibitin garin. Ba wanda ya sake ambaton Lahadi.

Susana ta daina shiga ɗakin. Sai ta rakuɓe a bakin murhu tana tace gasara, ba ta iya haɗa ido da kowa. Saloma kuwa ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa" ba.

Bayan wata biyu likita a Maraɗi ya gwada shi, ya ce a fara ba shi ruwa da cokali. Da suka iso gida Saloma ta ɗebo, amma sai ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ke za ki ba shi."

"Ni? Bayan abin da na yi miki?"

"Son shi ya sa ki, Inna. Ni ma shi ya sa ni."

Susana ta kai cokali bakinsa. Maƙogwaro ya motsa, shiru, babu tari. Kalebu ya buɗe baki, murya a dishe kamar ta wani.

"Inna... matata ce ta raya ni."

Susana ta rungume Saloma tana kuka. "Ɗiyata, yahe mini."

Ku da ke jinyar naku, ku riƙe wannan: wani lokaci mai ƙaunarka shi ne wanda ya iya hana ka, ya sha zagi a kanka, ya yi haƙuri har ka warke.