Manjan Mami Yatta

Sifeto Baindu Kallon ba ta kai loma ta biyu baki ba Kofur Vandi ya faɗo ofishin, hularsa a hannu, yana haki.

"Madam, bindigogi huɗu sun ɓata a sansanin horo. Cikin sababbin nan da aka kawo daga waje."

Ta ture kwanon shinkafar gefe, ta miƙe.

Sansanin yana gefen Kenema, a wata tsohuwar makaranta da har yanzu ramukan harsashi ba su gama toshewa a bangonta ba. Tun da yaƙi ya ƙare ƙasashen waje suka turo malamai suna horar da sababbin 'yan sanda a nan. Cikin kuratan akwai samarin da suka fito daga daji suka miƙa makamansu. Baindu ce ta tsaya kai da fata sai da aka karɓe su, alhali manyanta suna cewa ta haukace.

Shugabar malaman, Madam Wanjiru 'yar Kenya, tana tsaye a ƙofar ɗakin makamai, fuskarta babu walwala.

"Sifeto, ba zan ɓoye miki ba. Masu ba da taimakon nan sun riga sun ji. In bindigogin ba su fito ba, babu faretin yaye kurata ranar Asabar, kuma duk yaron da ya taɓa zama a daji za a sallame shi."

"Dukkansu? Saboda mutum ɗaya?"

"Ba ni na yanke ba. Ki kawo mini mutum ɗayan."

Baindu ta duba kwaɗon ƙofar. An fasa shi, amma da ta juya shi sai ta ga bakinsa a buɗe yake lafiya lau. Da makulli aka buɗe, sannan aka kwankwatse shi don a ruɗa mutane.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, sai na ajiya da ke rataye a ofishin magatakarda," in ji Madam Wanjiru.

Magatakardan, Pa Lahai, dattijo ne mai tabarau da farar riga a goge. Shi yake jan addu'a duk safiya kafin fareti. Ya kawo wa Baindu kujera da kansa.

"'Yata, ofishina kamar kasuwa yake, kowa shiga yake yi. Jiya kuwa duk muna filin ƙwallo, kurata suna wasa da malamansu. Ni bindiga ko kallonta ba na so. Shekarun yaƙin nan kaf ina Gini ina koyar da yara a sansanin gudun hijira. Ko kaza ban iya yankawa ba, sai dai matata ta yanka."

"Wa ke gadin ɗakin makaman lokacin wasan?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Sahr Komba. Yaron kirki ne, wallahi. Amma kin san wanda ya saba da daji."

Sahr yana kulle a wani ɗan ɗaki da dā ake ajiye littattafai. Dogo ne siriri, da tabo a haɓa. Yana ganinta ya ƙame ya sara mata.

"Ka bar wurin gadinka jiya?"

"A'a, Madam."

"Ko nan da can?"

"Ko nan da can."

"To bindigogin fukafukai suka yi suka tashi ta kanka?"

Ya sunkuyar da kai. Baindu ta san ƙarya yake yi, kuma abin ya ƙona mata rai, domin da sunansa ta fara a duk lokacin da take kare yaran nan.

Tana fitowa wata murya ta tare ta daga wajen kicin.

"Sifeto! Ke nake jira! Tun safe nake kai ƙara babu mai saurarona!"

Mami Yatta ce, mai dafa wa sansanin abinci, ta taho da ludayi a hannu.

"Mami, bindigogi muke nema," in ji Vandi. "Ki bari sai an jima."

"Kai rufe mini baki, mai kai kamar tukunya! Bindiga za ka ci da rana? An sace mini galan guda na manja, da buhunan shinkafa biyu da na zazzage na ninke. Da me zan yi miyar ganyen rogo? Da hawayenka?"

"Buhunan babu komai a ciki?" Baindu ta tambaya.

"Ko ƙwaya. Shi ya sa na ce ɓarawon nan mahaukaci ne. Ga kifi busasshe a gefe bai taɓa ba."

Sai Baindu ta juya ta koma ɗakin da Sahr yake.

"Manja da buhu. Me mutum zai yi da su in ba girki ba?"

Sahr ya ɗago da sauri, har ya ɗan yi murmushi bai sani ba.

"Haka muke binne bindiga a daji, Madam. Ba mu da man bindiga, sai a shafe ta da manja, a naɗe a buhu, a tona rami. Amma babu ɗayanmu da zai yi haka yanzu."

"Don me?"

"Makonmu na farko wani ya goge tasa da manja. Kafin gari ya waye tururuwa ta cika ta har cikin bakinta. Madam Wanjiru ta sa mu duka tsallen kwaɗo har muka kasa hawa gado. A daji ma tururuwar tana zuwa, ba mu damu ba ne kawai. Yanzu ko a mafarki na ga manja kusa da bindiga sai cinyata ta yi ciwo."

Nan Baindu ta gane. Ashe wanda take nema ɗan daji ne, amma wanda bai taɓa zama a ajin Madam Wanjiru ba.

"Sahr, dube ni. Ba kai kaɗai za a kora ba. Wa ya ɗauke ka daga ƙofar nan?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Pa Lahai ne ya ce ƙirjinsa na ciwo, in ruga bakin titi in sayo masa magani, zai tsaya mini. Da abin ya faru ya ce in na faɗi na bar gadi kora ta za a yi nan take, in yi shiru zai san yadda zai fitar da ni. Madam, shi yake koya mini karatu da yamma. Ba zai cuce ni ba."

Baindu ta fita ta kira Vandi.

Ita da Vandi suka bi bayan gine-ginen, idanunsu a ƙasa. Ruwan sama na jiya ya wanke sawu, amma bai hana tururuwa aikinta ba. A bayan ofishin magatakarda suka ga layinta baƙi ƙirin, ya miƙe har cikin wani ɗan lambu, ya nutse ƙarƙashin sabuwar kunyar da aka dasa wa ganyen dankali.

Vandi ya sa shebur. Bai yi nisa ba ya ci karo da buhu. Bindigogi huɗu ne cif, sun yi jawur da manja.

"Mun kama shi!" in ji Vandi.

"Mun kama lambu dai. Lambun nan ba shi da shinge, zai ce kowa na iya shiga. Maganar Sahr kuwa wa zai ɗauka a kan ta dattijo mai jan addu'a?"

Ta ɗauki bindiga ɗaya ta duba ta sosai, ta tabbatar babu harsashi a ciki. Sannan ta ɗebi ƙasa mai tsakuwa ta cusa a hanyar ƙarfen da ake ja a ɗana ta, har ya cije. Ta raɗa wa Vandi abin da zai yi. Ya zaro ido.

"Madam, a gaban kowa? Za a ce ban iya aikina ba."

"Dama ana faɗa. Yau dai zai yi amfani."

Aka busa usur, sansanin duka ya taru a filin fareti. Aka fito da Sahr. Aka shimfiɗa bindigogin a kan tebur, Pa Lahai yana tsaye kusa yana girgiza kai.

"A lambuna! Ku ga rashin kunya. Yaran nan ba za su taɓa shiryuwa ba."

"Kofur, duba su ko akwai harsashi," in ji Baindu.

Vandi ya ɗauki ta farko ya ja ƙarfen. Ya ƙi motsi. Ya sake ja, yana nishi.

"Madam, ta cije! Akwai harsashi a ciki, ina jin sa!"

Ya shiga kokawa da ita, hannunsa yana santsi da manja, bakinta yana lilo. Kurata suka kwanta a ƙasa. Bakin bindigar ya zo ya tsaya daidai cikin Pa Lahai, yatsan Vandi yana dab da kunama.

Abin da ya biyo baya ƙiftawar ido ne. Dattijon ya kauce, ya fizge bindigar da hannu ɗaya, ya kafa gindinta a ƙasa, ya karkatar da bakinta nesa da fuskarsa, ya ɗaga ƙafa ya sauke dunduniyarsa a kan ƙarfen. Ƙarfen ya buɗe, ƙasa ta zubo. Babu harsashi.

Sai wani kurtu daga baya ya ce, "Kai! Wannan dukan daji ne."

Duk wanda ya zauna a daji ya san shi. Haka suke buɗe bindigar da tsatsa ta cinye, kuma bayan manja shi ne abu na biyu da Madam Wanjiru ta hana su.

"Pa Lahai," in ji Baindu a hankali, "a wane aji aka koya maka wannan a Gini?"

Ya dubi bindigar da ke hannunsa, ya dubi ƙafarsa. Ya cire tabaran ya sa a aljihu, muryarsa ma ta sauya.

"Ban taɓa taka Gini ba. A arewa na yi nawa yaƙin, mutum ɗari suna bin bayana. Yau ni ne mai share wa baƙi tebur."

"Bindiga huɗu me za ta yi maka?"

"Ba bindigar nake so ba, su nake so." Ya nuna kuratan da haɓa. "A kore su ranar Asabar, su fita da baƙin ciki, babu aiki, babu gida. Wurin wa za su? Ramukan lu'ulu'u suna nan a bakin iyaka, mai ƙarfi ke ci. Da na ba su abin yi."

Ihu ya tashi. Kuratan suka yo kansa, wani ya riga ya ciro bel. Baindu ta buɗe baki za ta yi tsawa, amma Sahr ya riga ta. Ya sha gaban dattijon ya ware hannuwa.

"Babu mai taɓa shi! Wanda ake tuhuma ne, kotu za a kai shi!"

Suka yi cirko-cirko. Mai bel ɗin ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya mayar da shi ƙugu. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, suka yi wa Pa Lahai zobe, bayansu gare shi, fuskokinsu ga leburori da masu gadin sansanin da suka taho da sanduna don dukansa.

Baindu ta ciro ankwa ta miƙa wa Sahr.

"Kai za ka sa masa."

Sahr ya karɓa ya sa wa dattijon.

"Pa, an kama ka bisa zargin satar makamai. Ba dole ne ka ce komai ba. Duk abin da ka faɗa za a iya kawo shi gaban alƙali." Ya duba ankwar. "Ta matse ka? In sassauta?"

Aka wuce da dattijon mota, kurata biyu a kowane gefe, babu wanda ya ko ture shi.

Madam Wanjiru ta daɗe tana kallon motar. Da ta juyo idanunta sun yi ja, sai ta rufe da faɗa.

"Me kuke kallo? Sahr Komba, ka bar wurin gadi, za ka share filin nan kai kaɗai har Juma'a! Sauran ku, wa ya ce an fasa atisaye? Ranar Asabar iyayenku za su zo, ba zan ji kunya ba. Ku shiga layi!"

Suka ruga suna dariya, suna ture juna. Ganga ta ɗauka. Baindu ta tsaya a gefen filin tana kallon ƙafafuwan nan duka suna tashi tare suna sauka tare, har ƙasa tana amsawa.