Ɗinkin Salkar Madugu

"Yau ko ka faɗa wa Abba, ko ni in faɗa!" in ji Rahina, muna tsaye a ƙofar gidan tarihi na Zinder.

"Rahina, ki rufa mini asiri... In ya ji ni ɗan dukawa ne, na rasa ki ke nan."

"To a kan ɓoye-ɓoye za ka aure ni, masoyi?"

Wata shida mahaifinta, Alhaji Yakuba, yana kirana Mushe Alkasum, don malamin lakwal, wato makarantar boko, ya san ni. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma faɗi asalina ba, kullum ina tambayar kaina ko shiru ma ƙarya ne. Shi jikan madugan unguwar Zango ne, gidansu ba su taɓa ba masu aikin fata 'ya ba.

Sai ga shi ya iso. Shi ya gayyace ni, wai in ga tushen gidan da nake neman shiga. Muka wuce tukwanen dā da kibau da gatura na dutse, ko kallo ba su ishe shi ba, har ya tsaya gaban wata tsohuwar salka.

"Ka gan ta? Ta kakana ce, Madugu Sulaiman, ni na kawo ta nan da hannuna. A hanyar Agadas salkunan ayari duk suka tsage, ita kaɗai ta riƙe ruwa. Mutum goma sha ɗaya ta kai rijiya da rai!"

Na sunkuya ina dubawa. Ɗinkin wuyanta layi biyu ne, bayan kowane ɗinki uku an mayar da ƙulli ciki. Yatsuna sun sha duka wurin babana kafin in iya shi.

Rahina ta zuba mini ido, hawaye ya cika nata.

Na dubi Alhaji na ce, "Baba... ɗinkin nan na gidanmu ne."

"Gidanku?"

"Mu dukawa ne. Ba wanda ke mayar da ƙulli ciki sai mu, don kada ruwa ya bi zare. Sunan kakana Yusufu Baduku, babana ma har gobe yana kan sana'ar."

Alhaji ya daɗe yana kallon salkar.

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Tsoron rasa ta, Baba."

"Wauta! Kakana har ya rasu yana yi wa mai ɗinkin nan addu'a, bai san sunansa ba. Da ƙullin nan ya saki, da ba ni, ba Rahina."

"Abba..." in ji Rahina.

"Yi mini shiru ke, uwar rigima!" Ya juyo gare ni. "Ka turo manyanka ranar Juma'a. Kada a yi mini wakili, mahaifinka nake so da kansa. Ina son in riƙe hannun nan."

Rahina ta fashe da kuka tana dariya. Ni kuwa na miƙe sosai, na ce, "Zai zo, Baba. Daga rumfa zai taho, da warin jima a jikinsa."

"Haka nake son sa."