Mai Usur da 'Yar Shugaban Kulob

Ina tsaye a rumfar kofi ta bakin fili, buta a hannuna, ina jin babana yana zagin mutumin da nake so a gaban duk ƙauye.

"Makaho! Wa ma ya ba ka usur?"

Telmo, alƙalin wasan, ko waiwayowa bai yi ba. Ya soke ƙwallon da kyaftin ɗinmu Hélder ya ci, ya ce satar gida ce. Kuma satar gidan ce, ni ma na gani da idona. Amma wa zai faɗa wa babana Abílio haka? Mutumin da ya tsufa yana shugabancin kulob ɗin ƙauyenmu, wanda da hannunsa yake zuba farar ƙasa a layukan filin nan na tsakuwa duk Lahadi in an taso daga coci.

Aka tashi wasa an ci mu.

Bayan wasa masu masauki ke ciyar da kowa, har alƙalin wasa. Na kai wa Telmo miyar kabeji da burodin masara, na dire kwanon sai da miyar ta fantsama.

"Dulce tawa..." ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kada ka kira ni taka. Sau ɗaya ka kau da kai, sau ɗaya tak! Me zai ragu a jikinka?"

Ya ce ranar da ya kau da kai saboda ni, ranar zan daina ganin girmansa. Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙular da ni ke nan.

Maganar aurenmu kuwa ta daɗe a gaban Baba. Mama ta roƙa, fadan cocinmu ya sa baki, ni na yi kuka har idona ya kumbura. Baba ya ce gara ya aurar da ni ga turken raga, shi aƙalla ba ya cutar kulob. Shi Baba Hélder yake so mini, wanda in ya zo zance labarin ƙafarsa ta hagu yake ba ni har kofi ya huce. Na rasa wanda ya fi taurin kai tsakanin ubana da masoyina, ni ce dai a tsakiya ina ramewa.

Sai Hélder ya ga hanya. Ya hau mota ya tafi birnin Bragança, ya kai ƙara hukumar ƙwallo cewa alƙalin wasansu na neman 'yar shugaban kulob. A lissafinsa Telmo zai tsorata ya musanta ni don ya tsira da usur ɗinsa, ni kuma in yi zuciya in faɗo hannunsa.

Da na ji, na ɗauko waya. Na kira Telmo bai ɗauka ba. Na san yadda yake son aikin nan tun yana yaro, na fara shirya wa zuciyata rabuwa.

Ranar Lahadi muna zaune za mu ci busasshen kifi da dankali aka ƙwanƙwasa ƙofa. Telmo ne, cikin kwat. Baba ya tare ƙofar da jikinsa, ya ce ya faɗi abin da ya kawo shi daga nan.

Telmo ya ce hukuma ta kira shi, ya kuma amsa a gabansu cewa yana so na, aure zai yi. Sun cire shi daga wasan ƙarshe na kofin gunduma, wanda ya daɗe yana mafarkin hurawa. Sun kuma ce ba zai ƙara alƙalancin wasan kulob ɗinmu ba.

Hawaye suka zubo mini. Baba kuwa ya ƙanƙance ido.

"Tsaya, yaro... Kana nufin ba za su sake turo ka filina ba?"

"Muddin muna tare da Dulce, Senhor Abílio."

"In kuma kun rabu fa?"

"Sai su dawo da ni."

Baba ya matsa daga bakin ƙofa. Ya dubi Mama ya ce, "Lurdes, ƙaro kujera, ki ba shi tsokar tsakiya."

Na saki baki. Duk kukan da na sha, duk roƙon fada, ashe abin da zai buɗe ƙofar ke nan! Na ce, "Baba, ni ka aurar ko alƙalin wasa ka kora?" Ya ce in ci abinci kada ya huce.

Da kaka aka ɗaura mana aure a cocin ƙauye, babu wanda ya kai Baba rawa. Hélder ya zo, ya ci, ya tafi da wuri.

Yanzu ko 'yar hayaniya muka yi da Telmo, kafin in gama kumbura baki Baba ya iso da kwandon inabi.

"Haƙuri za ki yi, 'yata," zai ce, ko tambayar mai laifi bai yi ba. "Mijinki mutumin kirki ne... kuma wasan Lahadin nan a gida za mu buga."