Keken da Ya Kwana Gidan Sunusi

"Ba zan sa hannu ba!"

Barakatu ta ture takardar har ta faɗo a kan takalmina. Ni Labaran, mai kula da siton ofishin gona na Doguwa, na duƙa na ɗauka, gwiwata ta yi ƙarar da kowa ya ji.

Ranar ce shirin kekuna ya cika shekara uku. A 1989 aka raba wa malaman gona kekunan zuwa aiki, da sharaɗi ɗaya: ranar ƙarshe kowa ya kawo mai lambar da aka rubuta masa, ya zama nasa. Wanda ya kawo wani daban, an ɗauka ya yi wasa da kayan gwamnati, sai kora.

Keken da ke hannun Barakatu na Sunusi ne, abokin aikinta. Nata kuwa shekara uku yana kwana a zauren Sunusi.

Ni na gano. Ni na gaya wa Manaja. Ni kuma na hau babur har ruga na gaya wa mahaifinta, Malam Buba, saboda kishin aikin gwamnati... da kuma wani kishin da bai dace da furfurata ba.

"Takardar cewa take kin amsa laifi, a yi miki sassauci," in ji Manaja, Alhaji Inuwa.

"Ranka ya daɗe, wane laifin?"

Sunusi ya matso. "Ni za a kora. Ni na ce mu yi musaya." Ya juya gare ta. "Hasken idona, ki bari..."

"Yi shiru, Sunusi! Ba a korar kowa yau."

Sai ga Malam Buba a bakin ƙofa, sanda a kafaɗa. Sau biyu Sunusi ya aika neman aurenta, sau biyu tsohon ya ce wanda ko akuya bai mallaka ba, da me zai riƙe 'yar mutane? Ni ina da bijimai biyu, kuma na tabbatar ya sani.

"Barakatu, gaskiya ne abinki yana kwana gidan namiji?"

Ta durƙusa, amma idonta bai durƙusa ba.

"Gaskiya ne, Baffa."

Ta gyara durƙuso ta ci gaba.

"Ka tuna sharaɗinka? Ka ce ranar da na ɗaga ƙafa na tsallake sandar keke kamar namiji, ranar aikina ya ƙare. To, keken mata ɗaya tak aka kawo, marar sanda, aka rubuta wa Sunusi. Ni aka ba ni na maza! Kwana biyu ina tura shi da ƙafa har ƙauyukan bakin dutse, ina kuka. Shi ya gan ni, ya sauka daga nasa ya miƙo mini."

Ta miƙe ta dube ni.

"Malam Labaran, wa ya rubuta wa ƙato keken mata?"

Na duba littafin ko rubutun zai canza don tausayi. Bai canza ba. Hannuna ne, har da lanƙwasar da nake yi wa lamba bakwai. Ranar rabon, idona ba a kan littafi yake ba. Yana kan wadda ke tsaye a layi da shuɗin mayafi.

"Kuskuren... alƙalami ne," na ce.

"Alƙalamin ne ya hau babur zuwa rugarmu?" in ji Barakatu.

Manaja ya yi tarin da bai yi kama da tari ba.

Malam Buba bai yi dariya ba. Ya ce a fito masa da keken 'yarsa, wanda ke kwana gidan Sunusi. Ya zagaya shi kamar mai taya saniya a kasuwar kara. Ya latsa taya. Ya shafa sarƙa, ya duba man da ya taɓa yatsansa. Ya kama birki. Ya buga ƙararrawa, ta amsa tangaran.

"Shekara uku a hanyar daji?"

"Kullum da yamma nake wanke shi, Baffa," in ji Sunusi. "Ba nawa ba ne."

Tsohon ya juya ya dube shi.

"A wurinmu, in ka ba mutum aron saniya, ba bakinsa kake saurara ba. Ranar da ya maido ta kake duba haƙarƙarinta." Ya sauke sandarsa. "Wannan ta dawo da ƙiba. Yaro, turo manyanka."

Barakatu ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

"Baffa... na gode!"

"Saura batun lamba," in ji Manaja. "Tunda kekunan za su koma kwana zaure ɗaya, gwamnati ba ta da ƙorafi. Labaran, gyara littafinka. Wannan karon ka dubi takarda."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Amarya ta ƙi shiga motar da aka ɗauko daga Tudun Wada, ta ce abin da ya kai ta aiki shi zai kai ta ɗaki. 'Yan'uwanta mata suka yi ta salati, ita kuwa ta gyara lulluɓi ta hau abinta, ƙararrawa na tashi har ƙofar gidan Sunusi.

Ni ma an ba ni matsayi a bikin, ba a manta da ni ba.

Ni na yi wa tayoyin famfo.